Ziyara Zuwa Gembu, Garin Da Sanyi Ke Ciyar Da Shi

 

Jawabin yau a kan wani gari ne da ke can bisa tsauni, a ƙuryar kudu maso gabashin Jihar Taraba. Sunan garin Gembu. Tsaunin da yake kai kuwa shi ne tsaunin Mambila, wanda mutane da yawa suka saba jin sunansa a rediyo. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. To, wanda ya je Gembu zai ga abubuwan ban sha'awa. Zai kuma koyi wani darasi game da noma da kasuwanci. Darasin shi ne: sanyi ya ba mutanen wurin amfanin da ba a samu a sauran sassan ƙasar nan, amma amfanin ba ya zama kuɗi sai an sarrafa shi a can sama, ko kuwa hanya ta yarda an sauko da shi kafin ya lalace. A riƙe wannan magana, domin za a ga misalinta a kan shayi, da shanu, da dankali, da katako.

Ina Ne Gembu?

Gembu ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Tana kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Mai sauraro zai iya tambaya: me ya kai sunan Sardauna can nesa da Sakkwato? Ga dalili.

A da, wannan yanki yana cikin ƙasar Kamaru, ƙarƙashin mulkin Jamusawa. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka ba Ingila riƙon yankin. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Aka tambayi mutanen arewacin yankin da Ingila ke riƙo: Nijeriya kuke so ko Kamaru? Mafi yawansu suka zaɓi Nijeriya. Ran 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, don girmama Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Daga baya ya kasance cikin Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan Jihar Gongola a 1976. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, sai ya faɗo cikinta. Sunan Sardauna kuma ya zauna a kan ƙaramar hukumar har yau.

Mutanen Mambila su ne suka ba tsaunin sunansa, kuma manoma ne tun kaka da kakanni. Akwai Fulani makiyaya masu yawa. Akwai Kaka, da Kambu, da Panso, waɗanda ke da dangi a ƙetaren iyaka. Akwai kuma Hausawa da Ibo 'yan kasuwa. Fulatanci shi ne harshen da ya fi haɗa kowa da kowa a kasuwa, amma mai jin Hausa ba zai rasa abokin magana ba. Musulmi da Kirista duk suna da yawa a garin.

Hanyar Zuwa

Matafiyin da ya fito daga Kano, ko Bauci, ko Yola, sai ya fara isa Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Daga nan zai shiga motar Gembu. Hanya tana bi ta Garba Cede, ta wuce Bali, ta kai Serti. Daga Serti sai Mayo Selbe, wanda ke gindin tsauni. Kalmar mayo da Fulatanci tana nufin kogi, shi ya sa garuruwa da dama a yankin suke farawa da ita.

Tafiya ce mai cin mafi yawan yini. Saboda haka mai hankali yakan yi sammako. Ba a so dare ya riski mutum a kan hawa.

Daga Mayo Selbe ne ake fara hawan da ya yi suna, wanda ake kira Hawan Biyu Da Sisi. Ana ba da labari cewa sunan ya samo asali ne daga ladan da ake biyan 'yan dako a zamanin Turawa, wato sule biyu da sisi, domin su hau da kaya a ka. A lokacin, kuɗi ne masu kauri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wuyar hawan.

Hanyar tana lauje-lauje kamar maciji. Ta wani gefe dutse ne ya miƙe sama. Ta ɗaya gefen kuma rami ne mai zurfin gaske. Mota takan tafi a hankali, da ƙaramar giya. Manyan motoci masu kaya sukan yi nishi, wasu su tsaya injin ya huce. Kunnen fasinja yakan toshe, sai ya haɗiye yawu ya buɗe. Wannan ba ciwo ba ne, canjin iska ne kawai.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Direban da ya dogara da birki kaɗai, birkin yakan yi zafi ya daina kamawa. Direban da ya san hanya da giya yake saukowa. Don haka fasinja ya nemi motar tasha, wadda direbanta ya saba da tsaunin. Kada ya yarda da motar da aka yi wa lodin da ya wuce kima. Kada kuma ya matsa wa direba ya yi gudu. Sannu ba ta hana zuwa.

Da an gama hawa, sai duniya ta canja. Dajin da aka baro a ƙasa ya ƙare. Sai tuddai masu koren ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, iyakar ganin ido. Shanu na kiwo a jikinsu. Ƙoramu na gudu a tsakaninsu. Hanya ta bi ta Maisamari, ta wuce Nguroje, sannan ta kai Gembu.

Me Ya Sa Ake Sanyi?

Ana auna tsayin ƙasa ne daga bakin teku. Birnin Kano bai kai mita 500 bisa teku ba. Tsaunin Mambila kuwa ya kai kimanin mita 1,600, wasu wuraren ma sun fi haka. Wato ya ninka Kano fiye da sau uku.

Ƙa'ida ce: duk yadda mutum ya ƙara hawa sama, iska tana ƙara sanyi. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a ma'aunin zafi. Shi ya sa da wuya zafin rana a kan tsaunin ya wuce digiri 25, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato suna kai digiri 40. Da dare kuwa, musamman a watan Disamba da Janairu, sai da bargo da wuta.

Ruwan sama ma yana da yawa. Damina takan fara da wuri, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Abin da ke sauka a shekara ya wuce milimita 1,800, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Da safe hazo yakan rufe gari, har mutum ya kasa ganin na gabansa.

Saboda haka baƙo ya tafi da rigar sanyi, da hula, da safa, da takalmi rufaffe. Mai tafiya da yara ya ninka musu tufafi. In da damina ne, ya haɗa da laima ko rigar ruwa. Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyi suka bushe.

Cikin Gari Da Kasuwa

Gembu ba babban birni ba ne. Gidaje suna jere a jikin tuddai, mafi yawansu da jan bulo na ƙasa da rufin kwano. Titi ɗaya zai hau, wani ya gangara. Babur shi ne jakin garin. 'Yan acaɓa suna ɗaukar mutum da buhu zuwa ƙauyukan da mota ba ta iya kaiwa. Akwai masaukai na haya, da gidajen abinci, da masu shayi da burodi, waɗanda sanyin safiya ke kawo musu ciniki.

Wanda yake son ya san gari, ya fara da kasuwa. A kasuwar Gembu zai ga masara, da wake, da dankalin Turawa, da gwaza. Zai ga ayaba iri-iri, da fiya manya-manya. Zai ga matan Fulani da ƙoren nono da man shanu. Zai ga zuma a galan da kwalba. Zai ga rigunan sanyi na gwanjo da barguna, domin a nan ba kayan ado ba ne, kayan dole ne.

Akwai abin lura a kan farashi. Abin da ake nomawa a kan tsaunin yana da araha. Abin da aka hau da shi daga ƙasa, kamar man fetur, da siminti, da takin zamani, da gishiri, yana da tsada. Dalili ɗaya ne: kuɗin mota. Manomin Mambila yana sayar da nasa da rahusa, domin mai saye zai cire kuɗin saukar da kaya. Yana kuma sayen na wasu da tsada, domin an ɗora masa kuɗin hawa da kaya. Ta gaba da ta baya, hanya ce ke cin ribarsa. Duk manomin da ƙauyensu ke nesa da kwalta ya san wannan ciwo.

Bugu da ƙari, akwai cinikin kan iyaka. Garuruwa irin su Dorofi da Mayo Ndaga suna kusa da Kamaru, kuma mutane suna kai da kawowa da kaya. Ana jin maganar sefa kamar yadda ake jin maganar naira. Amma baƙo ya kiyaye. Iyakar ƙasa tana da doka. Kada ya bi wani ya ƙetare ba tare da takardun da suka dace ba, kada kuma ya riƙe wa wanda bai sani ba kaya.

Gonar Shayi Ta Kakara

Kusan kowane gida a ƙasar Hausa ana shan shayi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacensa. A duk Nijeriya, a kan tsaunin Mambila ne ake noman shayi mai yawa don sayarwa. Babbar gonar tana wani gari da ake kira Kakara. A nan ne masana'antar da ke yin ganyen shayin Highland Tea take. Wanda ya zo Gembu bai je Kakara ba, ziyararsa da saura.

Itacen shayi yana son sanyi, da ruwan sama mai yawa, da ƙasar gangare wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Duk ukun akwai su a nan. In an bar shi, yakan zama doguwar bishiya. Amma ana datse shi daidai ƙugun mutum, domin ya yi ta fid da sabon toho, hannu kuma ya kai. Daga nesa gonar kamar an shimfiɗa koren bargo a kan tudu. Bayan dasawa, sai an yi haƙuri kamar shekara 3 kafin a fara tsinka. Amma da ya kama, yana iya ba da ganye shekaru da dama, har ɗa ya gaji gonar ubansa.

Ba kowane ganye ake tsinka ba. Ganye biyu na sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu su ne masu kyau. Masu tsinka sukan goya kwando a baya, suna tsinka da hannu biyu suna jefawa.

To, ga inda darasin yake. Ɗanyen ganyen shayi ba ya jira. Cikin 'yan sa'o'i yakan yi zafi a cikin buhu ya lalace. Ba zai yiwu a sauko da shi Jalingo ba. Shi ya sa aka gina masana'antar a kusa da gonar. A can ake baza ganyen ya yi yaushi. Sai inji ya yayyanka shi ya murje. Sai a bar shi ya sha iska har launinsa ya juya daga kore zuwa ja mai duhu. A nan ne ƙamshi da ɗanɗano suke fitowa. Daga nan a busar da shi da iska mai zafi, a tankaɗe, a zuba a fakiti. Kimanin kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ganye ne ke ba da kilo 1 na busasshe.

A duba abin da ya faru. Kayan da ba ya kwana ya zama kayan da zai yi watanni bai lalace ba. Kaya mai nauyi ya zama marar nauyi. Mota ɗaya za ta ɗauki abin da da sai mota huɗu ko biyar. Ladan tsinka, da ladan aikin inji, da ladan ɗauri, duk sun tsaya a hannun mutanen tsaunin. Akwai kuma ƙananan manoma masu gonakin shayi na kansu, waɗanda ke kai ganye masana'anta a auna a biya su. Sai dai fa su ma suna da abin tsoro. Mai saye ɗaya ne a kusa. Ranar da inji ya tsaya, ganyensu ba shi da kasuwa.

Ban da shayi, ana noman kofi a yankin. A garin Kusuku akwai reshen Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya, inda ake nazarin shayi da kofi.

Shanu, Dankali Da Katako

Mambila ƙasar shanu ce. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, ciyawa tana daɗewa kore saboda yawan ruwa. Na biyu, ƙudan tsando mai sa wa shanu ciwon sammore ba ya son sanyin tsauni. Wannan ne ya jawo makiyaya suka hau da garkunansu tun zamanin mulkin Turawa, suka zauna. Baƙo zai ga manyan shanu ja da farare, masu ƙiba da dogayen ƙahoni.

Sa yana da sauƙin sayarwa, domin za a iya loda shi a babbar mota a kai shi kasuwannin kudu. Madara ce mai wuya. Kamar ganyen shayi take, ba ta jira. Matan Fulani sun daɗe da sanin maganin abin: su mai da ita kindirmo, su kaɗa su fid da man shanu. Man shanu yana tafiya nesa. Kindirmo kuwa iyakarsa kasuwar kusa. Inda babu wurin sanyaya madara ko sarrafa ta, yawanta ba ya ƙara wa mai ita arziki.

Dankalin Turawa ma ɗan sanyi ne. Ba ya yin 'ya'ya sosai in dare yana da zafi. Shi ya sa Jos da Mambila suka yi suna a kansa, a ƙasar Kano kuwa sai da hunturu a fadama. Amma dankali yana da nauyi, yana kuma ruɓewa. In mota ta maƙale a taɓo kwana biyu, ko ruwa ya doki buhuna, hasara ta samu. Mai son saye ya kai gida ya zaɓi busasshe, marar rauni, wanda fatarsa ba ta yi kore ba. Ya ajiye shi a wuri mai duhu, mai shan iska. Kada ya ɗaure shi a leda.

Sai katako. A da, tuddan Mambila ciyawa ce zalla, itatuwa sai a bakin rafi. Daga baya aka kawo itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Asalinsa daga ƙasar Ostareliya ne. Yana girma da sauri, yana miƙewa sak. In an sare shi kuma yakan sake tohowa. Yanzu ya kewaye garuruwa da ƙauyuka. Da shi ake girki, da shi ake rufin ɗaki, ana kuma yanka shi a loda a manyan motoci a sauko da shi. Katako ba ya ruɓewa a hanya, shi ya sa ya zama abin dogaro ga mutane da yawa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Itacen turare yana shan ruwa ƙwarai. In an dasa shi a bakin ƙorama ko kan idon ruwa, ruwan yakan ja baya. Amfanin gona ma ba ya yin kyau a gindinsa. Mai son ya kwaikwayi wannan sana'a a garinsu, ya dasa shi a kan tudu ko ƙasar da ba a nomawa, nesa da rijiya da fadama.

Akwai wata sana'a kuma da baƙo zai ji labarinta. A wajen Mayo Sina, kusa da Nguroje, ana haƙar wani dutse mai daraja, shuɗi, da ake kira safaya. Wasu sun samu, da yawa sun sha wuya a banza. In wani ya tare baƙo da dutse a ƙunshe a takarda, ya ce zai sayar masa da araha, to ya yi hattara. Wanda bai san dutse ba, kwalba ma za a iya sayar masa. Araha ba ta ado.

Wuraren Da Ya Kamata A Gani

Na farko shi ne Kogin Donga, wanda ke wucewa kusa da Gembu. Daga kan tsaunin nan yake tasowa, ya gangara ya faɗa Kogin Binuwai. Shekara da shekaru masu fito suna ƙetarar da mutane, da buhuna, har da babura a cikin kwale-kwale. Da damina kogin yakan cika ya yi ƙarfi. Kada a shiga jirgin da ya cika fiye da kima.

A kan wannan kogi ne aka tsara gina babbar madatsar ruwa ta wutar lantarki, wadda ake kira wutar Mambila. An yi shekaru da dama ana maganarta. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar aikin, wanda aka ce zai ba da megawat 3,050. Har yanzu dai aikin bai kai ga ba da wuta ba. Saboda haka kada baƙo ya sa ran ganin madatsar.

Na biyu shi ne dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa. Ragowar tsohon dajin tsauni ne, kuma hukuma ta keɓe shi. Akwai itatuwa da tsuntsayen da ba a cika samu a wani wuri a Nijeriya ba. Akwai kuma babban birin nan mai kama da mutum, wanda ake kira cimfanzi. Masu bincike daga jami'o'in Nijeriya da na ƙasar Niyu Zilan sun daɗe suna aiki a wurin.

Na uku shi ne Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda hedkwatarsa ke Serti, a kan hanyar zuwa. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000. Akwai ɓauna, da dorina, da birai iri-iri. A kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin da Jamusawa suka gina. A cikin gandun ne kuma dutsen Cappal Waddi yake, a kan iyakar Kamaru. Tsayinsa mita 2,419, kuma babu wurin da ya fi shi tsawo a duk Nijeriya. Hawansa aikin kwanaki ne, sai mai ƙarfi da shiri.

Duk waɗannan dazuzzuka suna da doka. Ba a farauta, ba a sare itace, ba a kunna wuta. Mai son shiga ya nemi izini daga ma'aikata, ya tafi da ɗan jagora.

Ƙasa Da Zaman Lafiya

Wanda ya ga koren tuddan nan zai ɗauka ƙasa ta ishi kowa. Ba haka abin yake ba. Mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru, gonakin itace sun ƙaru, tsauni kuwa bai ƙaru ba. Manomi yana son kwari mai danshi don masara. Makiyayi yana son wannan kwarin don mashaya. Inda shanu suka yi yawa, ciyawa takan ƙare, ruwa ya zaizaye ƙasa, kwazazzabo ya buɗe.

Rigimar ƙasa ta sha jawo faɗa a yankin. A watan Yuni na 2017 an yi mummunan rikici, aka rasa rayuka da dabbobi masu yawa, aka ƙona gidaje. A irin wannan lokaci kasuwa takan mutu. Direbobi su ƙi hawa. Dankali ya ruɓe a gona, nono ya rasa mai saye, ganyen shayi ya tsufa a jikin itace. Hasarar ba ta tambayar ƙabilar mutum. Gaskiyar Hausawa, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Saboda haka ga abin da ake so baƙo ya kiyaye. Kafin ya tashi, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki da kuma lafiyar gari. Matambayi ba ya ɓata. In ya isa, ya gai da mutane, ya nemi mai masauki ko wanda ya san wuri. Kada ya sa baki a maganar ƙasa ko ta ƙabila, domin bai san farkonta ba. Kada ya ratsa gonar mutum ko shingen makiyayi ba da izini ba. Kada ya ɗauki hoton kowa sai ya tambaya. In zai yi tsaraba, ya saya a hannun masu abin: ganyen shayi, da zuma, da man shanu, da fiya. Ya yi ciniki, amma kada ya karya wa mai kaya farashi don ya ga ba shi da wani mai saye. Kuɗin da baƙo ya kashe a kasuwa, da masauki, da wurin ɗan acaɓa, su ne amfanin da garin ke samu daga zuwansa.

Kammalawa

Jama'a, wanda ya sauko daga Gembu zai zo da tsaraba a jaka. Ya kamata kuma ya zo da tambaya a zuciya. Kowane gari yana da abin da ƙasarsa ta fi bayarwa. A wani wuri tumatir ne, a wani albasa, a wani gyaɗa, ko rogo, ko mangwaro. Tambayar ita ce: wannan amfani, a ɗanye yake barin gari, ko ana sarrafa shi? Tumatirin da aka yanka aka shanya a wuri mai tsabta yana jiran farashi ya tashi. Gyaɗar da aka matse ta zama mai da ƙuli-ƙuli ta fi ta buhu kawo kuɗi. Rogon da ya zama gari ba ya tsoron lalacewar mota a hanya. Abin da injin Kakara ke yi wa ganyen shayi ke nan, abin da matan Fulani ke yi wa madara ke nan. Manoma goma ko ashirin da suka haɗa kai za su iya fara irin wannan a ƙauyensu, ko da da ƙaramin inji ɗaya ne.

Mai hali da lafiya ya daure ya je ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Ya tuna da rigar sanyi, ya kuma yi sammako.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.